Daga Lamba Ɗaya Zuwa Zaman Gida: Ƙuri'ar Oktoba da Bencin North Carolina

A tsakiyar Oktoban 2022, kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya a kakar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da jerin gwanaye 25 kamar yadda ya saba kowace shekara. Jami'ar North Carolina ce ta zo ta ɗaya. Cikin 'yan jarida 62 da suka kaɗa ƙuri'a, 47 sun ce babu ƙungiyar da ta kai ta a duk faɗin ƙasar. Watanni biyar bayan haka, ranar 12 ga Maris ɗin 2023, aka karanta sunayen ƙungiyoyi 68 da za su shiga babbar gasar ƙasa ta NCAA, babu sunanta. Tun daga 1985 da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64, ba a taɓa samun wadda ta fara kaka a lamba ɗaya ta kasa samun gurbi ba, sai ita.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan 'yan wasa, wasu a kan koci Hubert Davis, wasu kuma suka ce tun asali masu ƙuri'ar ne suka yi kuskure. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda abubuwan biyu suka sarƙe: lambar da aka ba ƙungiyar a Oktoba ta shiga cikin shawarar da koci yake yankewa kowane dare a kan wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, kuma wannan shawarar ce ta hana ƙungiyar gyara kanta lokacin da gyaran yake da sauƙi.

Sai an fara fahimtar mece ce wannan ƙuri'a. Wanda ya saba da gasar Firimiyar Ingila ya san tebur lissafi ne zalla: ƙungiyoyi 20, kowa ya kara da kowa gida da waje, a tara maki, magana ta ƙare. A babban rukunin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyi fiye da 350, kowacce tana buga wasanni talatin da 'yan kai a kaka. Yawancinsu ba za su taɓa haɗuwa ba. Wata za ta ci wasanni 25 a kan raunanan abokan karawa, wata ta ci 19 a kan manya. Babu teburin da zai haɗa su wuri guda, don haka aka koma ga ra'ayin mutane. AP ta fara wannan jeri a 1949. Kowane mako 'yan jarida da masu sharhi kimanin sittin daga sassan ƙasar suna rubuta ƙungiyoyinsu 25. Wadda mutum ya sa a farko ta sami maki 25, ta biyu 24, haka har zuwa ta ƙarshe mai maki ɗaya. A tara, a fitar ranar Litinin. Akwai kuma wani jerin da masu horarwa suke kaɗa wa ƙuri'a, wanda galibi bai cika yin nisa da na 'yan jarida ba.

Abin da mai kallo daga nesa bai cika sani ba shi ne, wannan jeri ba ya shigar da kowa gasa. Gasar NCAA tana da ƙofa biyu. A 2023 ƙungiyoyi 32 sun shiga kai tsaye saboda sun lashe gasar lig ɗinsu, sauran 36 kuma wani kwamiti ne mai mutum 12 ya zaɓe su. Kwamitin yana dogara sosai da wani ma'auni na kwamfuta da ake kira NET, wanda aka fara aiki da shi a kakar 2018-19. Ana kasa wasanni gida huɗu gwargwadon ƙarfin abokin karawa da wurin da aka buga. Wasan aji na farko shi ne wanda ka buga a gidanka da ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 30 na sama, ko a filin da ba na kowa ba da ɗaya daga cikin 50, ko a gidan ɗaya daga cikin 75. Nasara a irin waɗannan wasanni ita ce kuɗin da kwamitin yake karɓa. Lambar da AP ta ba ka a Oktoba ba ta cikin lissafin.

To in haka ne, me ya sa ake damuwa da ita? Saboda tana da nauyi a wasu wuraren. Ita gidajen talabijin suke sa wa kusa da sunan ƙungiya. Ita ake nuna wa yaron sakandare da ake son ya zaɓi jami'ar. Ita take sa ɗaliban jami'ar da kuka je wa baƙunci su cika zaure, su kuma ruga cikin fili in sun doke ku. Mafi muhimmanci, ita take faɗa wa 'yan wasa da koci da magoya baya abin da ake tsammani daga gare su.

Masu ƙuri'ar 2022 ba da ka suka yi zaɓinsu ba. A Afrilun shekarar, North Carolina ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa. A hanyarta ta fitar da Baylor mai riƙe da kofi, ta fitar da UCLA, sannan a wasan kusa da na ƙarshe ta doke babbar abokiyar hamayyarta Duke da ci 81 da 77, wasan da ya rufe aikin Mike Krzyzewski bayan shekaru 42 yana horar da Duke. A wasan ƙarshe ta tafi hutun rabin lokaci tana gaban Kansas da maki 15, kafin Kansas ta farfaɗo ta ci 72 da 69. Huɗu daga cikin 'yan wasa biyar na farko da suka yi wannan tafiya sun dawo: Caleb Love, RJ Davis, Leaky Black da Armando Bacot. Kuma akwai tarihin da yake goyon bayan irin wannan zaɓi. Florida ta ci kofi a 2006, 'yan wasanta biyar na farko duk suka dawo, aka sa ta lamba ɗaya, ta sake ci a 2007. North Carolina ɗin kanta ta fara kakar 2008-09 a lamba ɗaya ta ƙare da kofi. Ƙuri'ar farkon kaka ba shirme ba ce. Sau da yawa tana gane inda gwanaye suka taru.

Inda ta yi rauni a wannan karon shi ne ta auna makonni biyar na ƙarshe, ta manta da watanni huɗun da suka gabace su. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe ita ce dai wadda Kentucky ta lallasa 98 da 69 a Disamban 2021, Miami ta ci 85 da 57, Wake Forest ta ci 98 da 76, Duke ta zo har gida ta ci da tazarar maki 20. A tsakiyar Fabrairun 2022 Pittsburgh, wadda ba ta taɓuka komai ba a kakar, ta doke ta a gaban magoya bayanta, har ana tantamar ko za ta sami gurbi. Da ta samu ma, matsayi na takwas aka ba ta a shiyyarta, ɗaya daga cikin shiyyoyi huɗu na gasar, wato kwamitin yana ganin akwai ƙungiyoyi kusan talatin da suka fi ta. Gasar Maris ta sili ɗaya ƙwale ce, wasanni shida kacal ga wanda ya kai ƙarshe. Ƙungiya mai kyau tana iya yin zafi a wasanni shida. Wasanni talatin da suka gabata sun fi faɗin gaskiyar wacece ita. Ma'aunan kwamfuta da suke lissafa kowane hari da kowane tsaro na kaka baki ɗaya, irin na Ken Pomeroy, sun ɗauke ta a matsayin ƙungiya mai ƙarfi amma ba su sa ta a farko ba. Mutane kuwa abin da suka gani ƙarshe shi ya fi zama musu a rai, musamman in abin ya zo da labari mai daɗi kamar doke Krzyzewski a wasansa na ƙarshe.

Yanzu ga batun 'yan wasa biyar ɗin. A tafiyar 2022 an yi musu laƙabi da ke nuna cewa ƙarfe ne su, ba sa gajiya, domin kusan ba a canza su. A wasan da suka je gidan Duke ranar 5 ga Maris ɗin 2022 suka ci 94 da 81, biyar ɗin nan ne suka buga rabin lokaci na biyu gaba ɗaya ba tare da canji ko ɗaya ba. Abin ya zama abin alfahari. Amma ya kamata a tuna cewa ba tsari ne ya haifar da shi ba, larura ce. Dawson Garcia, wanda ya fara kakar a cikin biyar na farko, ya koma gida a Janairu saboda rashin lafiya a danginsa. Anthony Harris ma ya daina bugawa a tsakiyar kaka. Zaɓin koci ya ragu, Brady Manek ya zama ɗan wasan farko na dindindin, sai ga shi haɗin ya yi daidai. Wannan shi ne karo na farko da Hubert Davis yake jagorantar ƙungiya, bayan ya gaji Roy Williams a Afrilun 2021. Darasin farko da aikin ya koya masa shi ne: ka sami mutum biyar da ka amince da su, ka riƙe su. Da wuya mutum ya saki darasin da ya kai shi wasan ƙarshe a shekararsa ta farko.

Sai dai mutum ɗaya da bai dawo ba, wato Manek, shi ne wanda ya sa haɗin yake aiki. Manek dogo ne, amma aikinsa jifa daga nesa, daga bayan layin da ƙwallo take zama maki uku. Yana jefa kusan shida a kowane wasa, yana cin kashi 40 cikin ɗari, kuma yana sakin ƙwallo da sauri. Amfanin irin wannan ɗan wasa ya wuce makin da yake ci. Dole dogon da yake tsaronsa ya bar ƙarƙashin kwando ya bi shi waje. Da zarar ya fita, Bacot ya rage shi da mutum ɗaya a ciki, kuma mutum ɗaya ba ya iya riƙe Bacot. Love da RJ Davis kuma suka sami hanyar kutsawa. Ko Leaky Black, wanda gwanintarsa tsaro ce ba jifa ba, bai zama nauyi a hari ba, domin akwai masu jifa uku da suke ɗauke hankalin abokan karawa.

Wanda aka kawo ya maye gurbinsa shi ne Pete Nance daga Northwestern, ɗan tsohon tauraron NBA Larry Nance. A takarda ya dace: dogo ne, ya ci kashi 45 na jifansa na nesa a kakar da ta gabata. Amma yawan jifan da yake yi kusan rabin na Manek ne, kuma ɗan wasa ne da ya saba karɓar ƙwallo ya tsaya ya duba, ya raba. A North Carolina jifansa ya sauko zuwa wajen kashi 32, ga ciwon baya da ya dame shi a Janairu. Ba laifin Nance ba ne. An sa shi ya cike gurbin wani irin ɗan wasa daban. Abokan karawa suka gane ba sai sun bi shi waje da gudu ba, ba sai sun bi Black ba. Suka tattaru a ciki suka kewaye Bacot. Hanyoyin kutsawa suka toshe, Love da RJ Davis suka koma jifa mai wuya da hannun mai tsaro a fuskarsu yayin da agogon daƙiƙa talatin yake ƙarewa. Ƙungiyar ta ƙare kakar tana cin kusan kashi 31 na jifan nesa, adadin da yake can ƙasa a jerin ƙasar. Love, wanda ya fi kowa jifa, bai kai kashi 30 ba.

Alamun sun bayyana tun makon farko, lokacin da lambar ɗaya take rufe su. College of Charleston tana gaba a hutun rabin lokaci kafin North Carolina ta ƙwace wasan. Gardner-Webb, ƙaramar jami'a, da maki shida kawai aka doke ta. Portland ta riƙe musu wuya har kusan ƙarshe. A nan ne nake ganin ƙuri'ar ta yi ɓarnar da ba a cika lissafawa ba. Wasannin Nuwamba da ƙananan ƙungiyoyi su ne ajin koyon 'yan benci. A nan koci yake sa yaro sabon shiga ya yi minti goma sha biyar, ya yi kuskure, ya zubar da ƙwallo, a bar shi a fili ya gyara. Amma ƙungiyar da take ɗauke da lamba ɗaya ba ta da damar faɗuwa a hannun Gardner-Webb. Labarin zai zagaye ƙasar kafin gari ya waye. Don haka da wasa ya matse, sai koci ya koma ga waɗanda ya sani. An ci wasan, lambar ta tsira har Litinin mai zuwa, 'yan benci kuma ba su koyi komai ba.

Daga nan abin ya rushe cikin kwanaki goma. Iowa State ta ci 70 da 65 a birnin Portland. Bayan kwana biyu aka yi wasan Alabama da ya kai ƙarin lokaci har sau huɗu, minti sittin cur a madadin arba'in, Alabama ta ci 103 da 101. Love ya ci maki 34 amma sai da ya yi jifa 36. Indiana ta ci a gidanta, Virginia Tech ma ta ci a ranar da Bacot bai buga ba saboda ciwon kafaɗa. Jerin AP ya sauke su daga ɗaya zuwa 18, mako na gaba ya fitar da su baki ɗaya. Ba a taɓa ganin lamba ɗaya ta farkon kaka ta ɓace daga jerin da wuri haka ba.

A nan ya kamata a yi wa Hubert Davis adalci, domin mai kallo daga gida yana ganin canza 'yan wasa abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Wa zai ajiye? Love ne ya jefa ƙwallon da ta kashe Duke a wasan kusa da na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne yake iya ƙirƙirar jifa daga babu. Black ne mafi iya tsaro a ƙungiyar, shi ake ɗora wa tauraron abokan karawa. Nance ya bar jami'arsa ya zo ya yi shekararsa ta ƙarshe a kan fahimtar cewa zai taka rawa, kuma shi ne ya jefa ƙwallon da ta kai wasan Ohio State ƙarin lokaci a New York a Disamba, har aka ci. Bacot da RJ Davis kuwa babu mai maganar ajiye su. Ga kuma zamanin da aka shiga: tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya jami'a ya fara bugawa nan take ba tare da zaman shekara guda ba, kuma yana iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Ka ajiye babba, ransa ya ɓaci, ɗakin sauya kaya ya rabu biyu. Ka ƙi sa ƙarami, ya tattara kayansa a Maris. Gaba kura, baya sayaki.

Akwai kuma hujjar da masu horarwa suke yawan kawowa, wadda take da ƙarfi: su suke ganin atisaye kullum, mu ba ma gani. In yaro ba ya riƙe tsarin tsaro a atisaye, ba dalilin da zai sa a saka shi a wasan gaske. Koci Davis ya sha nuna cewa lokacin wasa a atisaye ake samunsa. Na yarda da wannan har zuwa wani matsayi. Inda na rabu da shi shi ne, akwai abin da atisaye ba ya koyarwa. Yaron da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci ba ya wasa da sakin jiki; yana shiga yana waiwayen koci. Minti uku yau, babu komai a wasanni biyu masu zuwa, minti takwas bayan nan saboda wani ya tara laifuka. Da irin wannan rabo babu wanda zai nuna abin da ya iya, sai koci ya duba ya ce ai ga shi ba su shirya ba, ya ƙara rage musu lokaci.

Kuma bencin ba fanko ba ne. Puff Johnson ya ci maki 11 a wasan ƙarshe da Kansas lokacin da manyan suka jigata, ko da yake rauni ya yi ta damunsa. Seth Trimble sabon shiga ne mai ƙarfin tsaro da gudu. Tyler Nickel an ɗauko shi ne saboda jifan nesa, abin da ƙungiyar ta fi rasa. Dontrez Styles da D'Marco Dunn suna shekararsu ta biyu. Ranar da Bacot ya gurɗe a farkon wasan da aka buga a gidan Virginia a Janairu, Nance ma ba ya nan, dole ta sa aka saka Jalen Washington, sabon shiga, ya ci maki 13. An faɗi wasan, amma an ga akwai abin da za a iya ginawa a kai. Da manyan suka warke sai aka koma gidan jiya. A ƙarshen kaka North Carolina tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin ba 'yan benci lokaci a duk ƙasar.

Ba ina cewa da an sa Nickel ko Trimble a biyar na farko da an ci kofi ba. Wataƙila da an faɗi wasa ɗaya ko biyu a Nuwamba da Disamba saboda su. Abin da nake cewa shi ne, tambayar wa zai fara wasa ba ita ce babba ba, duk da ita magoya baya suka fi yi wa hayaniya. Babbar tambayar ita ce haɗi nawa koci yake da su da ya taɓa gwadawa har ya san yadda suke aiki. Da Fabrairu ya zo, North Carolina ta faɗi wasanni biyar cikin shida, a hannun Pittsburgh da Duke da Wake Forest da Miami da NC State. A lokacin kowane wasa ya zama na ceton rai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Koci ba zai fara gwajin sabon haɗi a wasan da faɗuwarsa za ta fitar da shi daga gasar ƙasa ba. Haɗi ɗaya yake da shi, abokan karawa kuma sun haddace shi.

Lissafin ƙarshe: nasara 20, faɗuwa 13, a ACC, lig ɗin da jami'ar take ciki, 11 da 9. A wasannin aji na farko guda goma, ɗaya kawai suka ci, a kan Virginia a ƙarshen Fabrairu, kuma Virginia ɗin ce ta fitar da su a gasar ACC bayan makonni biyu. Kwamitin bai sha wahalar yanke hukunci ba. Jami'ar ta kuma ƙi karɓar gayyatar ƙaramar gasar NIT, matakin da na ga bai dace ba, domin wasannin da babu matsin lamba a cikinsu su ne daidai abin da ƙananan 'yan wasan suka rasa duk kakar. Sai dai wataƙila an riga an makara. Cikin 'yan makonni mutum bakwai suka nemi sauya jami'a. Love ya ƙare a Arizona, Johnson da Dunn suka tafi Penn State, Styles ya tafi Georgetown, Nickel ya tafi Virginia Tech.

Yana da kyau a dubi ɗaya gefen kakar. Jami'ar Connecticut, wato UConn, ba ta cikin 25 ɗin AP a Oktoban 2022. Ta ci wasanni 14 na farko a jere, ta hau har lamba biyu, sannan ta faɗi shida cikin takwas tsakanin ƙarshen Disamba da Janairu, jerin ya yi ƙasa da ita. Matsalarta ta yi kama da ta North Carolina: abokan karawa sun daina tsaron Andre Jackson a waje saboda ba mai jifa ba ne, suka cushe ciki. Kocinta Dan Hurley bai ajiye Jackson ba, ya sauya masa wurin tsayawa da aikin da yake yi, yana yanka zuwa kwando yana raba ƙwallo, kuma yana da bencin da ya riga ya saba da fili, ciki har da dogo sabon shiga Donovan Clingan da mai jifa Joey Calcaterra. A Maris suka ci wasanni shida duk da tazarar maki goma ko fiye, suka doke San Diego State 76 da 59 a wasan ƙarshe. Gwarzon gasar shi ne Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali, wanda ya buga wasannin ƙarshe yana azumin Ramadan. Masu ƙuri'a sun yi kuskure a kan UConn a Oktoba, sun sake yi a Janairu, amma kuskuren bai cutar da ita ba, domin kocinta yana da abin da zai juya.

Hubert Davis ma ya nuna ya ji a jikinsa. A kakar 2023-24 ya gina ƙungiya a kan dacewa maimakon suna. Ya kawo Harrison Ingram daga Stanford da Cormac Ryan daga Notre Dame, dukansu masu iya jifa daga waje. Bayan 'yan wasanni kaɗan ya saka sabon shiga Elliot Cadeau a biyar na farko a matsayin mai raba ƙwallo, abin da ya 'yantar da RJ Davis ya koma neman maki. Trimble da Washington, waɗanda suka zauna ba su tafi ba, suka sami tsayayyen lokaci daga benci. AP ta fara da su a lamba 19. Suka lashe lig ɗin ACC da nasara 17 cikin 20, suka shiga gasar ƙasa a matsayi na ɗaya a shiyyarsu, RJ Davis ya zama gwarzon ACC, koci ya karɓi kyautar gwarzon mai horarwa na lig ɗin. Alabama ta fitar da su 89 da 87 a zagayen 'yan 16. A can Arizona kuma Caleb Love ya zama gwarzon lig ɗin Pac-12, abin da ya nuna yaron bai lalace ba. Shi da RJ Davis ne suke neman ƙwallo ɗaya a fili ɗaya da ya ƙuntata.

Masu ƙuri'a kuwa ba su sauya hali ba, kuma ban ga yadda za su sauya ba, tunda aikin da aka ba su shi ne su auna ƙungiyar da ba su taɓa gani tana wasa ba. Yanzu da 'yan wasa suke sauya jami'a kowace bazara, aikin ya ƙara wuya: sunaye ake tarawa a takarda, ba a san ko za su dace ba sai an buga. Kansas ta fara kakar 2023-24 a lamba ɗaya, Gonzaga ta fitar da ita a zagaye na biyu. Ta sake farawa a lamba ɗaya a 2024-25, ta shiga gasar a matsayi na bakwai, Arkansas ta fitar da ita a wasan farko. North Carolina ɗin ma an sa ta ta tara a Oktoban 2024, bayan Bacot da Ingram da Ryan sun tafi ba a sami dogon da zai maye gurbin Bacot ba. Koci Davis ya yi ta sauya biyar na farko a wannan karon, yana neman haɗin da zai tsaya, bai same shi ba sai a Fabrairu. Ƙungiyar ta ci wasa ɗaya cikin 13 na aji na farko, ta shiga gasar ƙasa a matsayin ta ƙarshe da kwamitin ya ɗauka, ta doke San Diego State a wasan share fage, Ole Miss ta sallame ta a zagayen farko.